Gidan Blenheim da Tafkinsa: Amsa ga Mai Shirin Ziyara

Wani ɗan abokina da ke koyarwa a Daura ya aiko mini da tambaya, na kuma ga ya dace in amsa masa a fili, domin na san akwai masu irin wannan tafiya a gabansu. Ga abin da ya rubuto a taƙaice: “Baba, za a tura ni kwas na mako uku a birnin Oxford na Ingila cikin watan Yuni, kuma zan tafi da maiɗakina da yaranmu biyu. Masu masaukinmu sun ce akwai wani tsohon gidan sarauta a bakin tafki, wai shi Blenheim, sun kuma ba mu shawarar mu je. Na ga kuɗin shigarsa ba kaɗan ba ne idan aka juya shi zuwa naira. Shin ya cancanci mu ba shi yini guda? Idan mun je, me zan duba, tunda ni ba magini ba ne? Yaya kuma batun salla da abinci?”

Ɗana, ku je, kuma ku ba wurin yini cikakke ba tare da kun haɗa shi da wata ziyarar ba. Na shafe shekarun aikina ina koyar da zanen gine-gine, ina kuma bin tsofaffin soraye a nan Katsina ina auna su kafin su faɗi, kuma Allah ya kai ni Blenheim sau biyu, sau ɗaya a lokacin zafinsu, sau ɗaya a tsakiyar hunturu. Roƙona gare ka shi ne kada ka bi sahun yawancin baƙi, waɗanda ke faɗawa cikin ɗakuna tun da safe suna ɗaukar hoton kujeru masu ruwan zinariya, sai ƙafa ta gaji sannan su leƙa tafkin daga nesa su wuce. Tafkin nan rabin ginin ne, hannun mutum ne ya yi shi, kuma wanda ya fahimci yadda aka yi shi da yadda ake fama wajen raya shi ya fahimci abin da ya fi amfani gare mu a wurin baki ɗaya.

Gidan yana gefen wani ƙaramin gari mai suna Woodstock, kimanin kilomita 13 arewa maso yamma da Oxford, kuma motocin bas na haya suna zuwa har bakin ƙofarsa a cikin abin da bai fi rabin awa ba sosai. Turawa suna furta sunan kamar “Bilenim”, saboda haka kada ka ja shi yadda yake a rubuce, don kada direba ya kasa gane inda ka nufa. Irin wannan gida ba baƙon abu ba ne gare mu gaba ɗaya, domin sarakunanmu ma sun ajiye gidajen shan iska a cikin gandayensu a bayan gari, kamar yadda sarakunan Kano suka yi a Fanisau da Ɗorayi. Bambancin shi ne manyan masu sarautar Ingila a ƙauye suka kafa ainihin gidajensu, inda gonakinsu da masu biyansu haya suke, birnin Landan kuwa wurin zuwa majalisa ne da neman fada.

Asalin Blenheim tukuicin yaƙi ne. A ranar 13 ga Agusta 1704, wato shekara ɗari daidai kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wani kwamandan Ingila mai suna John Churchill, wanda ke riƙe da sarautar Duke na Marlborough, tare da abokin ƙawancensa Yarima Eugene na Savoy, suka karya rundunar Faransa da ta Bavaria a kusa da wani ƙauye a bakin kogin Danube, a cikin ƙasar Jamus ta yau. Sunan ƙauyen Blindheim, shi ne bakin Turawan Ingila ya mayar Blenheim. Sarauniya Anne ta Ingila ta ba John Churchill tsohon gandun farautar sarakuna da ke Woodstock, aka kuma yi alkawarin gina masa gida daga baitulmali. An aza harsashi a 1705, kuma ba a kai ga kammala babban aikin ba sai wajen 1722, shekarar da mai gidan ya rasu. Har yau akwai abin da ake biya a madadin kuɗin ƙasa: kowace shekara, idan ranar yaƙin ta zagayo, iyalan gidan sukan aika wa sarkin Ingila da ƙaramar tutar Faransa irin ta wancan zamani zuwa fadar Windsor, kamar dai gaisuwar da hakimi ke kai wa sarki don nuna cewa ƙasar da ke hannunsa aro ce.

Idan ka san wannan, za ka karanta ginin da kanka ba sai an yi maka tafinta ba. Ɗaga kai a kan ƙofofin da ke gefen babban filin gidan, za ka ga zakin Ingila da aka sassaƙa da dutse yana yagar zakara, wanda shi ne alamar Faransa. Idan ka zagaya ta fuskar kudu, akwai ƙaton mutum-mutumin kan Sarki Louis na 14 na Faransa a can bisa, wanda Marlborough ya kwaso ganima daga birnin Tournai a 1709. Can nesa kuma, a ƙarshen doguwar hanya mai bishiyoyi, ga hasumiyar nasara mai tsawon mita 41, kusan ninki uku na hasumiyar Gobarau, da siffar mai gidan a ƙolinta. Gini ne da aka yi domin ya yi kirari, kuma ina ganin gara mai ziyara ya san haka tun farko, don ya yaba gwanintar magina ba tare da ya ruɗu da alfaharin da aka sa su bayyana ba.

Wanda ya zana gidan, Sir John Vanbrugh, tsohon soja ne kuma marubucin wasan kwaikwayo kafin ya shiga harkar gini, shi ya sa ya jingina da gogaggen mai zane Nicholas Hawksmoor. Uwargidan Duke, wato Sarah, ba ta taɓa son shi ba, domin ita gidan zama take so mai sauƙin kuɗi, shi kuwa abin tarihi na ƙasa yake ginawa. Ana cikin haka Sarah ta ɓata da Sarauniya Anne, wadda a da aminiyarta ce, kuɗin baitulmali ya tsaya a 1712 ma’aikata suna bin bashi, iyalan suka bar ƙasar, ba su dawo ba sai da Sarauniya ta rasu a 1714. Daga nan da aljihunsu suka ci gaba. Vanbrugh ya ajiye aikin a 1716, kuma da ya zo da matarsa a 1725 domin ya ga abin da ya zana, Sarah ta sa an hana shi shiga. An ƙiyasta cewa ginin ya ci kimanin fam 300,000 na wancan zamani.

Akwai wata gardama a cikin rigimarsu da nake so ka riƙe, domin tamu ce. A kan tudun da ke tsallaken kwari, daura da sabon gidan, akwai kangon tsohuwar fadar Woodstock, inda sarakunan Ingila suka yi ɗaruruwan shekaru suna sauka, inda kuma aka tsare Elizabeth ta farko a 1554 kafin ta zama sarauniya. Vanbrugh ya rubuta takarda a 1709 yana roƙon a bar kangon, yana kafa hujja da cewa mutane za su riƙa zuwa ganinsa saboda abubuwan da suka faru a cikinsa, kuma zai ƙara wa wurin kyan gani. Sarah ta ƙi, aka rushe shi, aka yi cikon hanyar gada da ɓaraguzansa. Yau ɗan dutse ne kawai ke nuna inda fadar take. Ranar da na tsaya a gaban dutsen nan, ganuwar Katsina ce ta faɗo mini a rai, wadda muka taso muna hawa muna sauka, muka kuma wayi gari ana ɗibar ƙasarta ana yanka filaye a kanta, har ya zama a wurare da dama sai dai dattijo ya nuna wa yaro da sanda ya ce ta nan ta bi.

Yanzu batun tafki, wanda a kansa nake so in daɗe. Idan bas ta sauke ku, kada ku shiga ta ƙofar da motoci ke bi. Ku taka cikin garin Woodstock har ƙarshen titin kasuwarsu, ku shiga ta ƙofar dutse da Hawksmoor ya zana a 1723. Hanyar tana matse mutum tsakanin bangaye, ba ya ganin komai, sai ya ratsa ƙofar sannan komai ya buɗe masa lokaci guda: ruwa a ƙasa, tsibiri mai dogayen bishiyoyi a tsakiya, gada a gaba, gidan kuma can hagu a kan tudu. Wannan dabara ce da maginanmu suka sani sarai, domin ita ce hikimar zaure da shigifa, inda ake karkatar da mai shigowa ana rage masa haske kafin a sake shi cikin sararin tsakar gida. Mahaifin Winston Churchill, firaministan Birtaniya na lokacin yaƙin duniya na biyu, ya taɓa gaya wa amaryarsa a daidai wannan wuri cewa babu abin kallon da ya fi shi a duk Ingila. Ko da ba ka yarda da shi ba, ka tsaya minti goma a nan kafin ka ɗauki hoto ko ɗaya.

Abin da idonka zai gaya maka shi ne Allah ne ya ajiye tafkin nan, mutane suka zo suka yi gini a gefensa. Haƙiƙa kuwa lokacin da aka gina gidan babu tafki, sai wani ƙaramin rafi mai suna Glyme da ke ratsa fadama a cikin kwarin. Vanbrugh ya ɗora wa wannan rafi wata ƙasaitacciyar gada, wadda faɗin babban bakanta ya kai mita 30, da ɗakuna sama da talatin a cikin jikinta, har mutanen zamanin suka riƙa yi mata ba’a, domin kamar an ɗinka wa jariri babbar riga ne. Haka ta zauna shekara kusan hamsin. A 1764 Duke na huɗu ya kira Lancelot Brown, wanda aka fi sani da laƙabin Capability Brown saboda duk gandun da aka kai shi yakan ce wa mai shi wurin yana da halin da za a gyara. Brown ya yi madatsa a can ƙasan kwarin, ya tare rafin, ruwa ya taru ya hau har ya shanye ƙasan gadar da ɗakunanta na ƙasa. Da ruwan ya kai inda ya auna, gadar da ta yi wa rafi yawa sai ta zama daidai da tafki, kamar dama don shi aka gina ta.

Ka sauka bakin ruwa ta gefen gadar ka duba da kyau. Za ka ga tagogi da ƙofofi waɗanda ruwa ya kai musu wuya, da gansakuka a daidai layin da ruwa ke tsayawa, da tsuntsaye suna shiga suna fita ta kafofin da aka yi domin mutane. Na zauna a kan ciyawa a wurin na fi rabin awa ina kallon wata taga guda, rabinta a sama, rabinta kuma inuwa ce a cikin ruwa, ina tunanin ƙarfin zuciyar mutumin da ya yarda ya nutsar da aikin wani gwani domin ya fito da kyansa. Daga nan ku bi gefen tafkin ta bayan gidan har ƙarshensa, tafiyar da ba ta gajiyar da yara idan ana hutawa, za ku iske inda ruwan ke zubowa a kan duwatsu da ƙara. Wannan ita ce madatsar, an lulluɓe ta da duwatsu da itatuwa don kada a gane aikin injiniya ne. Masu irin wannan aiki a wancan zamani da yumɓu suke toshe yoyo, a jiƙa shi a tattake shi da ƙafa har ya daina shan ruwa, kamar yadda leburorinmu ke cuɗa ƙasar gini. Ka lura kuma da yadda aka dasa bishiyoyi rukuni-rukuni, aka lanƙwasa gaɓar ruwan ta yadda duk inda ka tsaya ba za ka ga ƙarshen tafkin ba, sai zuciyarka ta ɗauka ya ci gaba. Brown ya dasa waɗannan itatuwa yana sane da cewa ba zai ga girmansu ba, domin ya rasu a 1783.

Mu ma biranenmu da tafkunansu aka haife su, sai dai ta wata hanyar. Kowane kududdufi a cikin tsohon birnin Katsina ko Daura ramin da aka haƙi ƙasar tubali ne, wato shi ne mahaifar gidajen da ke kewaye da shi, kuma da damina shi ke karɓar ruwan unguwa ya hana shi shiga ɗakuna, ya kuma ciyar da rijiyoyi ta ƙarƙashin ƙasa. Mun mayar da su juji, daga baya muka cike su muka yi shaguna, sannan muke mamakin yadda ruwan awa biyu ke cin gidaje a unguwannin da kakanninmu ba su san ambaliya ba. A ganina da za a zaɓi kududdufi ɗaya ko biyu daga cikin waɗanda suka rage, a yashe su, a hana zuba shara, a dasa musu itatuwa a gefe, da an samu wurin shan iska da maganin ambaliya a lokaci guda, da kuɗin da bai kai na kwalbati mai tsawo ba.

Tafkin Blenheim ma ba ya raya kansa. Rafin da ke ciyar da shi yana kawo laka kowace shekara, kamar yadda ake fama a madatsun ruwanmu, har ɓangaren da ke sama da gada, wanda ake kira Queen Pool, ya kusa komawa fadama. A 2018 an rage ruwan domin a binciki ƙasan gadar, aka ga ɗakunan da suka daɗe a nutse, daga baya kuma aka yi babban aikin yashe laka wanda ya ɗauki watanni masu yawa. Rufin gidan shi ma an shiga babban gyaransa a 2025, saboda haka idan ka tarar da ƙarafan hawa a jikin ginin kada ranka ya ɓaci, domin a wurina wannan yana cikin abin da ya kamata ka gani.

Dalilina shi ne, mutanenmu da yawa sukan dawo daga irin wannan ziyara suna cewa Turawa da dutse suka yi gini, mu kuwa da ƙasa, shi ya sa nasu ya daɗe. Dutsen Blenheim farar ƙasa ce mai laushi, launinta kamar na zuma, ruwa da sanyi suna cin ta, kuma masassaƙa ba su taɓa barin jikin gidan ba tun da aka gina shi. Ginin ƙasa ma haka yake. Lokacin ƙuruciyarmu, da zarar bazara ta kama za ka ga magina a kan soraye suna yaɓe, ana share indararo, ana shafa makuba a bango, masu hali kuma su sa a yi musu laso, wato yaɓe mai hana ruwa shiga, da katsi da gashin jima da dafara. Soron da ake yi wa haka yana haura shekara ɗari da azararsa ta giginya lafiya lau, kuma masallacin Juma’a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina tun ƙarni na 19 shaida ne a kan abin da ƙasa da azara za su iya. Na taɓa auna wani soro mai bakan gizo a wata unguwa a cikin birni, wanda ban ga mai kyan ɗaurin guga, wato haɗuwar bakunan da ke riƙe rufi, irin nasa ba. Mai gidan ya rasu, magada suka yi shekara uku ba su daidaita a kan wanda zai ɗauki nauyin gyara ba, indararo ɗaya ya toshe da ganye da sheƙar tsuntsu, ruwa ya kwanta a kan rufin, a damina ta uku ya rufta. Aikin da yaro zai yi da sanda cikin minti biyar ne ya kayar da shi, kuma har yau zanen da na yi masa yana cikin akwatina.

Wannan ya kawo mu ga yadda gidan ya zauna a hannun zuriya ɗaya fiye da shekara ɗari uku. A al’adar masu sarautar Ingila babban ɗa ne ke gadon sarauta da gida da gandu gaba ɗaya, kuma da yake ɗan Duke na farko ya riga shi rasuwa, majalisa ta yi doka ta musamman a 1706 domin gadon ya bi ta wajen ’ya’ya mata. Duk da haka gidan ya sha kusa cinye masu shi. A shekarun 1880 sun sayar da tarin littattafansu da manyan zanuka, ciki har da wani zanen Raphael, shahararren mai zane na Italiya, da gidan adana zanuka na ƙasa da ke Landan ya saya fam 70,000. A 1895 Duke na tara ya auri Consuelo Vanderbilt, ’yar attajiran jiragen ƙasa na Amurka, aure ne da aka ƙulla domin dukiya, bai kuma yi daɗi ba, amma da kuɗinsa aka farfaɗo da gidan, kuma a zamanin wannan Duke ne aka yi lambun ruwa mai hawa-hawa da ke tsakanin gidan da tafki. Tun 1950 aka buɗe ƙofa ga masu biyan kuɗi, hukumar UNESCO kuma ta sa wurin cikin wuraren tarihi na duniya a 1987. Kuɗin da kake jin nauyinsa, galibinsa ga rufi da dutse da laka yake tafiya. Mu shari’armu ta raba gado da adalci tsakanin magada, kuma ita ce ta buɗe mana ƙofar waƙafi, wadda da ita mai gida zai iya keɓe tsohon soro da wata gona ko shago da zai riƙa ɗaukar nauyin gyaransa. Ina ganin malamanmu da masu sarauta sun isa su farfaɗo da wannan hanya saboda gidajen tarihi.

A cikin gidan ba sai na yi maka dogon bayani ba, domin akwai masu kula da kowane ɗaki, kuma suna jin daɗin a tambaye su. Babban zauren shiga yana da tsawon mita 20 daga daɓe zuwa rufi, ɗakin littattafai kuma ya kai mita 55 a tsawo, an taɓa mayar da shi asibitin sojoji a yaƙin duniya na farko. Ka dakata a gaban manyan saƙe-saƙen bango da ke nuna yaƙe-yaƙen Marlborough, musamman wanda kwamandan Faransa Tallard ke miƙa wuya, ka matsa kusa ka ga yadda aka fitar da tsokar doki da ƙurar fage da zare kawai. Maiɗakinka, idan ta san aikin saƙa ko ɗinkin hula, za ta fi ka gane wahalar da ke ciki.

Akwai kuma ƙaramin ɗakin da aka haifi Winston Churchill ranar 30 ga Nuwamba 1874. Jikan Duke na bakwai ne, bai gaji gidan ba, amma a lambunsa ya nemi auren matarsa a 1908, kuma da ya rasu a 1965 an binne shi a maƙabartar cocin ƙauyen Bladon da ke gefen gandun. Turawa suna tuna shi da yaƙin Hitler, kai kuwa kana da naka dalilin tsayawa a ɗakin. Shi ne ƙaramin ministan ƙasashen mulkin mallaka daga 1905 zuwa 1908, wato yana wannan ofis lokacin yaƙin Satiru na 1906, shekarar da Turawa suka ɗora Malam Musa kan gadon sarautar Daura. Shi ne kuma babban ministan wannan ma’aikata a 1921 da 1922, lokacin da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya fara zuwa Ingila a kan hanyarsa ta aikin Hajji, da lokacin da aka buɗe Kwalejin Katsina, wadda gininta na ƙasa ke nan a Rafindaɗi ya zama gidan tarihi. Ka gaya wa yaranka wannan a cikin ɗakin, don su san cewa abin da aka yanke a irin waɗannan gidaje ya iso har ƙofar gidan kakanninsu.

Game da salla, a watan Yuni rana tana fitowa kafin ƙarfe biyar na asuba, ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare, Azahar tana shiga jim kaɗan bayan ƙarfe ɗaya, La’asar kuma bayan biyar, saboda haka Azahar ce za ta same ku a ciki. Gandun ya kai eka 2,000, ba za ku rasa gindin bishiya mai tsabta nesa da hanya ba, kuma ban ga wanda ya ɗaga mini ido ba lokacin da na shimfiɗa dardumata. Alƙibla a can kudu maso gabas take, kada sabo ya sa ka fuskanci gabas kamar a gida. Tunda zaman mako uku za ka yi, tafiyar kuma ba ta kai nisan ƙasaru ba, cika salla za ka yi a bisa mazhabarmu ta Malikiyya. Ku riƙe ’yar gorar ruwa a jaka, domin bayan gidansu babu buta. Idan ranar Juma’a ce, ku ɗage ziyarar, ka je masallacin da ke Manzil Way kusa da titin Cowley a Oxford, inda kuma za ku samu shagunan naman halal. A gidajen abincin Blenheim ana sayar da naman alade da giya, saboda haka ku nemi kifi ko abincin ganye kuna tambayar abin da aka sa a ciki, ko kuma ku yi guzuri daga masauki ku ci a bakin tafki, wanda ya fi araha kuma an yarda da shi.

Ka shirya wa iyalinka cewa za su ga mutum-mutumi da zanuka da yawa, wasunsu ba su da sutura, musamman a lambun ruwa, akwai kuma ƙaramin coci a cikin gidan inda kabarin Duke na farko yake, wanda ba dole ba ne ku shiga. Turawa suna yawo da karnuka a cikin gandun, amma a ɗaure suke da igiya. Zafinsu na Yuni kamar sanyin safiyar farkon hunturunmu yake, kuma ruwa yana iya sauka kowane lokaci, don haka ku ɗauki laima da rigar sanyi da takalmi mai rufi, ka kuma bar babbar riga a masauki, domin jiƙaƙƙiyar ciyawa za ta ɓata maka ita. Yara suna da ƙaramin jirgin ƙasa da ke kai su wani lambu mai katanga, inda aka yi hanyoyin ɓata da shingen itatuwa.

Ku sayi tikiti ta intanet kafin ranar, ka kuma duba ko har yanzu tikitin shiga gidan yana ba da damar dawowa cikin shekara ba tare da ƙarin kuɗi ba, kamar yadda suka daɗe suna yi, domin mai mako uku zai iya komawa sau biyu. Idan kuma aljihu ya ƙi, akwai hanyoyin ƙafa na jama’a da doka ta tabbatar, waɗanda suka ratsa gandun daga cikin garin Woodstock, kuma ta nan mutum zai ga tafki da gada da hasumiya kyauta, muddin bai kauce zuwa gidan da lambunansa ba. Mutanen garin za su nuna maka ƙofar.

Ina da saƙo guda. Idan ka sauka bakin ruwa, ka ɗauko mini hoton tagogin gadar a daidai inda ruwa ya yanke su, ka kuma ɗauko na bututun darma da ke sauko da ruwan rufi a jikin bangon gidan, daga kusa yadda za a ga mahaɗarsu, domin ina so in nuna wa wasu matasan magina da muke gyaran wani zaure tare a nan cikin birni kafin damina ta kankama. Ka gaishe mini da mahaifinka, Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.